Zaga Kwazazzaban Yuta da Mota Mai Ɗaki

Waɗanda suka taɓa yin wannan tafiya a jihar Yuta ta Amurka sun haɗu a kan abu guda: a kama wurin kwana tun watanni shida kafin tashi, ta shafin intanet na Recreation.gov, domin sansanonin kwana na gandun shaƙatawa na Zayon ba sa jiran kowa. Ramin hanyar mota da aka huda cikin dutsen Zayon a 1930 matsattse ne, sai ka auna faɗin motarka da tsayinta tukuna. Birais kuwa, wani gandun shaƙatawar, ta haura mita 2,400 sama da teku, dare na sanyi ko da rani, a tafi da bargo. Game da lokacin tafiya, wasu sun ce Yuli ma lafiya. Ni dai na fi yarda da masu cewa Oktoba. A cika tankin ruwa da mai duk inda aka samu. In hadari ya haɗo, kada a shiga matsatsin kwazazzabo, ambaliya kan zo farat ɗaya.