Hali zanen dutse ne, ko sabo ne kawai turken wawa?

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙara na kawo. Shekara uku ke nan duk farkon shekara sai na ɗaukar wa kaina alkawari: zan riƙa kwanciya da wuri, zan riƙa taka ƙafa da safe, zan rage saurin fushi. Ba a cika sati biyu na koma gidan jiya. Shekaranjiya na yi wa yayata ƙorafi, sai ta yi dariya ta ce, "Hali zanen dutse, kai dai haka Allah ya yi ka." Maganar ta tsaya mini a rai. Da na je neman wani karin maganar da zai goyi bayana, sai na ci karo da "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi", ni kuwa na haura talatin. Shin an rufe mini ƙofa ke nan?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Yayarka ta ɗauki makami mai kyau ta sare ka da shi a inda bai dace ba. Ana cewa hali zanen dutse ne idan ana maganar abin da ke can cikin mutum: rowa, cin amana, kyauta, kunya. Mutum ya cuce ka sau uku, ka zo kana shirin ba shi ajiya ta huɗu, a nan ne dattijo zai ja ka gefe ya faɗa maka wannan magana. Amma riƙe waya har ƙarfe biyun dare ba hali ba ne. Ba a haife ka da waya a hannu ba. Wannan sabo ne, kuma shi ma yana da nasa karin maganar: sabo turken wawa. Ka lura da kalmar da aka zaɓa. Turke kafa shi ake yi, kuma ana tumɓuke shi.

Malamar Hausa:
Baba, a gafarce ni, na yarda da rabin maganarka. Bambancin hali da sabo gaskiya ne. Amma cikin abubuwa ukun da ya lissafa akwai saurin fushi, kuma wannan Bahaushe hali yake kiransa, ba ya kiransa sabo. Kada mu yi wa karin magana kwaskwarima don mu faranta wa yaro rai. Waɗanda suka ce hali zanen dutse da gaske suke, har suka ƙara da cewa mai hali ba ya fasa halinsa. Abin da zan ce kawai shi ne karin magana ba aya ba ce. Bakin da ya faɗi wannan shi ne kuma ya ce yau da gobe ke sa allura gina rijiya. Kowane da ranar da ake fito da shi.

Baba Mai Ritaya:
Na karɓi gyara, Malama. Amma ko a fushin, zafin zuciyar na iya zama hali, abin da mutum ke yi da shi idan ya taso kuwa koyo ne. Na shekara talatin da biyar a gaban allo, na ga yara masu zafin kai sun girma sun iya riƙe bakinsu. Zafin yana nan, sun dai koyi tashi daga wurin.

Anti Nas:
Bari in sa baki daga ɓangaren aikina. Ƙanina, sati biyun da kake yi kana sarewa bai isa a yanke maka hukunci ba. Akwai maganar da ta yaɗu cewa kwana 21 ke sa abu ya zama jiki, kuma ba ta da ƙwaƙƙwaran tushe. Wata mai bincike, Phillippa Lally, da abokan aikinta a wata jami'a a Landan sun bi mutum 96 na tsawon sati 12, kowa ya zaɓi sabon abu ɗaya da zai riƙa yi kullum. Sakamakon ya fito a 2009: a tsaka-tsaki sai da aka kai kwana 66 kafin abin ya zama mutum na yin sa ba tare da ya tuna wa kansa ba. Wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuwa lissafi ya nuna sai ya kai kwana 254. Abu mai sauƙi kamar shan kofin ruwa ya fi saurin kama jiki a kan motsa jiki. Abin da ya fi burge ni shi ne tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Mu kuwa da mun yi fashin kwana ɗaya sai mu ce shi ke nan, mun gaza, mu watsar da komai. Ga kuma kuskurenka na biyu: kaya uku ka ɗauka lokaci guda.

Ɗan Auta:
Anti, wallahi kamar kina gidanmu. Ranar da na makara ban fita ba, ranar nake cewa a bari sai wata shekarar.

Direban Dogon Zango:
Ni karin maganar da na riƙe shi ne motsi ya fi laɓewa. Aikina zama ne, wani lokaci awa tara ina kan kujera. Bayana ya fara ciwo, ƙafa na kumbura. Yanzu duk inda na tsaya sai na zagaya motar sau biyar kafin in zauna, yaran mota na yi mini dariya.

Malamar Hausa:
Malam Direba, Allah ya ƙara lafiya, amma ka ja karin maganar nan ta wuya ka kai ta inda ba gidanta ba. Motsi a nan yunƙuri ake nufi: ka tashi ka yi wani abu, ko ƙarami ne, ya fi ka noƙe kana jira. Ana faɗa wa mai neman abin yi, ko wanda matsala ta taso masa ya rasa ta inda zai fara. Ba a yi shi don miƙe ƙafa ba.

Direban Dogon Zango:
Malama, to ai ni ma matsala ce ta taso mini, na kuma yunƙura. Idan kalmar ta ɗauki ma'ana biyu, ribata ce.

Anti Nas:
A wannan karon ina bayan Direba, kuma abin mamaki a kan masu irin sana'arsa aka fara gano illar yawan zama. A 1953 wani likita a Ingila, Jerry Morris, ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune, kwandasta na hawa da sauka a matakala yini guda. Aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babban mutum shawarar minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga amma kana iya magana. Idan ka raba minti 150 ɗin, minti 30 ne sau biyar.

Kawu Na Gefe:
Ni duk wannan ƙidayar ba ta dame ni ba. Mutanen zamanin da can ba su ƙirga taku ba, ba su auna minti ba, kuma sun fi mu ƙarfi. Yanzu an ce sai ka yi taku dubu goma, agogo na yi maka tsawa a hannu. Jiki magayi. Idan da matsala zai faɗa.

Anti Nas:
Kawu, a kan taku dubu goma ka yi gaskiya fiye da yadda kake zato. Lambar ta samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku da aka fitar a Japan a 1965, sunanta ma yana nufin ma'aunin taku dubu goma. Wanda ya yi ƙasa da haka ma yana samun amfani. Su mutanen zamanin da can ba su ƙirga ba ne saboda rayuwarsu gaba ɗaya motsi ce. Amma "jiki magayi" kam, a nan zan ja da kai. Hawan jini ba ya sallama. Kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba, har sai ya taɓa zuciya ko ƙoda ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Awon ba ya cin minti biyar, kuma idan ana ta samun 140 bisa 90 ko sama da haka, magana ta zama ta likita.

Malamar Hausa:
Kuma ko a asali, jiki magayi ba ya nufin jiki zai yi maka gargaɗi tun da wuri. Ana faɗa wa mai taurin kai ne, wanda aka hana shi ya ƙi ji: bar shi, jikinsa zai gaya masa. Wato bayan ya sha wuya. Kawu, karin maganar da ka ɗauko garkuwa, kai take harara.

Kawu Na Gefe:
Kun taru a kaina. To na ji, zan auna.

Uwar Biyu:
Ina ta karantawa ban yi niyyar magana ba, amma zancen fushi da Ɗan Auta ya kawo ya taɓa ni, don ni matsalata kishiyar tasa ce. Ban iya fushi ba sam. Tun ina yarinya abin da nake ji shi ne haƙuri maganin zaman duniya, mahaƙurci mawadaci, mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Na ɗauka ma'anarsu ita ce in haɗiye komai. Aka ɓata mini rai in yi murmushi, in shiga ɗaki in kwanta ido biyu ina maimaita maganar har asuba. Shekaru na yi a haka. Kowa na yabona, ni kuwa barci ya ƙaurace mini, abin da nake so a da duk ya fita raina, ko wanka sai na yi da ƙyar. Ranar da na buɗe baki na gaya wa wata aminiyata, ba ta ba ni wata dabara ba, saurarona kawai ta yi, amma a daren na yi barcin da na manta irinsa. Ita ce ta raka ni wajen likita daga baya. Don haka ina tambaya, Baba: dutsen nan da ake dafawa, a cikin cikin mutum ake dafa shi?

Baba Mai Ritaya:
'Yata, Allah ya ƙara miki lafiya, kuma kin yi tambayar da ta fi ƙarfin raha. A'a. Mai dafa dutse aiki yake yi: yana iza wuta, yana ƙara ruwa, yana jiran lokaci. Haƙuri shi ne kada ɓacin rai ya tuƙa ka zuwa abin da za ka yi nadama, kuma kada ka yanke ƙauna. Ba shi ne ka rufe baki kana ƙonewa ba. Amma ba zan wanke mu manya ba. Sau da yawa idan muka ce wa mutum "yi haƙuri", musamman mace, abin da muke nufi shi ne "yi shiru, kada ki tayar mana da hankali". Mun ari sunan haƙuri mun lulluɓe son zaman lafiyarmu da shi. Ni kaina na yi haka, ba sau ɗaya ba.

Malamar Hausa:
Akwai ma wanda ya fi waɗannan nauyi: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi kam kai tsaye yake cewa a riƙe magana. Amma sirri ake nufi, abin da fitarsa zai ɓata wani ko ya tona asirin gida. Ciwon da ke cin mai shi ba ya cikin wannan lissafi. Kuma da a ce Bahaushe ya yarda ana iya binne damuwa ta ɓace, da bai ce labarin zuciya a tambayi fuska ba.

Anti Nas:
Yaya Uwar Biyu, abin da kika kwatanta, rashin barci da fitar sha'awar komai na tsawon makonni, alamomi ne da muke ɗauka da muhimmanci. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, yana da magani, kuma mutane sama da miliyan 280 ke fama da shi a duniya. Ba raunin imani ba ne, kuma ba a ce wa mai shi ya saki ransa kawai. Barci da zuciya kuwa igiya ɗaya ta ɗaure su: wanda bai samu awa bakwai ɗin da babba ke buƙata ba, ƙaramin abu ke tunzura shi, wanda kuma ya kwanta da ɓacin rai barcin ke gudunsa. Shi ya sa, Ɗan Auta, da ni ce kai, cikin ukun nan barci zan fara kamawa. Wataƙila ka tarar rabin fushin naka gajiya ce.

Ɗan Auta:
Na gode ƙwarai, iyayena. Na ajiye biyu, na ɗauki ɗaya. Daga yau waya a falo za ta kwana tana caji, ni ina ɗaki.

Ɗan Auta:
Na dawo da rahoto, yau kwana tara. Na cika bakwai, na faɗi biyu, ɗaya saboda ƙwallo. Ban watsar ba. Amma yayata da ta ga ina lissafi ta ce "sannu sannu kwana nesa", ban gane ba ko yabo ne ko zolaya. Ni a fahimtata ai cewa take mai tafiyar hawainiya dare zai yi masa bai isa gida ba.

Baba Mai Ritaya:
Yabo ne, ɗana. Mai tafiya a hankali ba ya gajiya da wuri, sai ka ga ya kwana a wuri mai nisa daga inda ya taso.

Malamar Hausa:
Haka aka fi fassara shi, Baba. Amma yayar nan tasa da na fara sani ta bakinsa, ba zan rantse da wace fuska ta faɗa ba. Ɗan Auta, tana dariya lokacin ko kuwa?

Ɗan Auta:
Tana dariya, Malama. Amma na lura jiya tata wayar ma a falo ta kwana.