Hana shiga jirgin ruwan shaƙatawa da giya: tsaro ne ko neman kuɗi?

Ɗan Teku: Jama'a, na faɗa kuma ba zan janye ba. Dokar nan ta hana fasinja shiga jirgin ruwan shaƙatawa da giyarsa kasuwanci ce zalla. In da maye suke tsoro, da ba su cika jirgin da mashaya ba.

Uwar Biyu: Ai ba gaba ɗaya suke hanawa ba. Kamfanin jiragen ruwan shaƙatawa na Carnival suna barin wanda ya kai shekara 21 ya shiga da kwalbar giyar inabi ɗaya mai mililita 750 a jakar hannu, ranar tashi. Wuski da biya ne dai babu hali.

Ɗan Teku: Yauwa, kin kawo ni inda nake so. Ka kai kwalbar nan ɗakin cin abinci, sai ka biya dala 15 kuɗin buɗe marfi. Kwalbar da ka saya da guminka fa! Wane tsaro ne a cikin dala 15?

Mai Lissafi: Ta nan ka ci gari, ba musu. Tikiti sukan sa shi da sauƙi, su fanshe a mashaya da ɗakin caca. Shi ya sa in mutum ɗaya ya sayi tsarin biyan kuɗin sha na dukan tafiya, sai su ce duk babban da ke ɗakin ma ya saya, kada a riƙa miƙa wa juna kofi. Amma ka tuna, mai zuba maka a mashaya yana kallon idonka, in ka fara layi ya ce ya isa. Wanda ya kulle kansa a ɗaki da litar wuski, ga baranda, ga teku da tsakar dare, wa ke ganinsa? Ko tsarin na Carnival kofi 15 ne iyakarsa a rana.

Ɗan Teku: Kofi 15! Wannan ne taka-tsantsan ɗin?

Baban Yara: Ni ko ɗanɗana giya ban taɓa yi ba, amma dokar ta shafe ni. A wani jirgi, kowa akwatinsa ya iso ɗaki, nawa shiru. Can da yamma na tarar da takarda a ƙofa, wai in sauko ƙasa. Na'urar duba kaya ce ta hango babbar kwalbar ruwan kurkure baki. Ma'aikacin ya girgiza ta, ya duba kumfar, ya shinshina, ya ba ni haƙuri. Wanda ke gabana kuwa, ledoji uku cike da wuski aka zaro daga cikin safarsa, yana ta rantsuwa bai san yadda aka yi ba.

Uwar Biyu: Irinsu ne suka ja mana. Yanzu ko ruwan kwalba Carnival ba sa bari a shiga da shi, sai na gwangwani ko kwali, shi ma kada ya wuce 12, saboda masu ɗura giya a gorar ruwa. Laifin wani ya hau kan mai ruwan sha.

Mai Lissafi: Malam Ɗan Teku, ka ga dai akwai duka biyun.

Ɗan Teku: To amsa min ɗaya. Na sayi kwalba a shagon cikin jirgin, nasu na kansu, sun karɓi kuɗina, sun riƙe ta sai ƙarshen tafiya. Amma a mashayar da ke kusa da shagon za su zuba min irinta kofi-kofi a yanzu. Kwalbar ce ke da haɗari, kofin ba shi da shi?

Baban Yara: Ni dai a bar min ruwan kurkure bakina.