Yadda za a haɗa makarin rana na gilashin mota a gida

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. A wurin aikinmu a Sakkwato babu inuwa, kuma zafin watan Afrilu, wanda yakan haura digiri 40, ya fara tsattsage robar gaban motata. Shin akwai abin da zan iya haɗawa da kaina?

Malam Tela:
Wa alaikumus salam. Ka samo babban kwali irin na firiji, ka yanka shi daidai da gilashin gaba, ka manna masa takardar alminiyam, sannan ka karya shi gida huɗu domin ya naɗu. Gefen mai ƙyalli ne zai fuskanci rana, saboda yana mayar da haske, baƙin yadi kuwa shan zafi yake yi.

Hajiya Mai Shago:
A ganina, Baban Ummi, shimfiɗa shi ta waje ya fi, domin zafin ba ya kaiwa ga gilashin, sai dai dole a ɗinka masa kunnuwa biyu da za a datse da ƙofofin gaba, in ba haka ba iska ko yara su ɗauke shi.

Malam Tela:
Gaskiya ne, Hajiya, amma da damina kwali zai jiƙe, gara a yi na wajen da farin tamfol.