"Gani ya kori ji": har yanzu za mu iya gaya wa yaranmu haka?

Malamar Hausa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 'yan shekara 13 zuwa 14. A darasin karin magana na kawo "gani ya kori ji", sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "To Malama, ke nan duk bidiyon da na gani a wayar yayana gaskiya ne, tunda da idona na gani." Abin ya tsaya min a rai. Karin maganar nan tana da sauran amfani ga yaran da ke wuni a TikTok da WhatsApp, ko ta zama musu tarko?

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Malama, ni dai a ganina a jingine ta. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa wani bidiyo a Facebook na mutumin da aka sassare wa kai, aka ce a can aka yi. Binciken BBC ya nuna a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Dubban mutane sun gani da idonsu, zukata suka harzuƙa, alhali ganin nan ne ya yaudare su. Yanzu kuma ga manhajojin da ke ƙirƙirar fuska da muryar mutum. Wane gani ne ya rage?

Dattijon Zazzau:
Baban Walida, ka yi haƙuri, ba laifin karin maganar ba ne. Da magabata suka ce gani, nufinsu ka taka da ƙafarka ka je wurin. Aka ce maka rafi ya cika, ka je ka tsaya bakin ruwa. Shi kuwa bidiyon waya, wani ne ya ɗauka, ya zaɓi inda zai fara da inda zai yanke, wani ya rubuta magana a ƙasa, wani ya turo maka. Wannan ai ji ne, ko da ta ido ya shiga. Malama, abin da za ki fahimtar da yaron ke nan: bai ga abin da ya faru ba, ya ga abin da aka nuna masa.

Baban Walida:
Na yarda da fassarar, Baba. Amma ɗan shekara 13 ba zai je Filato ya duba ba. Me zai yi a madadin zuwan?

Dattijon Zazzau:
Ya yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Wa ya ɗauka, yaushe, a ina? Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, kuma yaranmu sun san wannan tun daga Islamiyya. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku nemi bayani.

Ummu Sadik:
Ni abin da nake yi da 'yata a gida shi ne, in aka turo hoto mai tayar da hankali, mu zauna tare mu sa shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa sai ya fito a shafukan shekarun baya, wata ƙasar daban. Na kuma nuna mata 'yan kibiyoyi biyun nan da WhatsApp ke sawa a saman saƙon da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Da ta gan su ta san mai turowar ma bai san asalinsa ba. Daga nan sai mu leƙa ko BBC Hausa ko Aminiya ko Dubawa, shafin masu tantance gaskiyar labarai, sun ce wani abu. Ni karin maganar da nake bata ita ce "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi": in an ce JAMB ta ɗage jarrabawa, shafin JAMB za ki buɗe.

Ɗan Fagge:
Hajiya, wannan ta yi daidai da sanarwa, amma ba ko'ina take shiga ba. Mai waƙar ma yana iya rera son ransa. Kuma wani lokacin ko ya yi magana ba a yarda: a Disambar 2018 sai da Buhari ya fito a Foland ya ce shi ne da kansa, ba wani Jibrin daga Sudan da ake jita-jitar an maye gurbinsa da shi ba, duk da haka wasu ba su daina yaɗawa ba. A koya wa yaro ya haɗa baki biyu ko uku waɗanda ba daga juna suka kwafa ba.

Ummu Sadik:
Haka ne, Yaya. Amma abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya ba baƙo ba ne, na gida ne. Ku tuna daren ruwan gishiri a Agustan 2014, lokacin Ebola. Iyaye da kawunnai ne suka riƙa kira da asuba, a tashi a yi wanka da gishiri a sha, wai rigakafin cutar ne. An kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Yaron da aka tarbiyyantar da kada ya musa wa babba, ta yaya zai ce wa kawunsa saƙon nan ba shi da tushe?

Dattijon Zazzau:
Ba sai ya ƙaryata kowa ba, 'yata. Ya rusuna ya ce, "Kawu, wa ya turo maka? Bari in duba mana kafin mu tura gaba." Mu manya kuma in yaro ya faɗi haka, kada mu ce ya yi mana rashin kunya, mu miƙa masa wayar ya duba.