Neman kalma: me za mu kira nanoteknoloji da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman taimakonku. 'Yar yayana da ke karatun injiniya a Amurka ta samu gurbin bincike na mako 10 a wani ɗakin gwaje-gwajen jami'a, a fannin nanoteknoloji. Shirin REU ne, na koya wa ɗaliban digirin farko aikin bincike, wanda hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ke ɗaukar nauyinsa tun 1987, ana ba ɗalibi alawus da masauki. Hajiyarmu ta kira ni: "Wane irin aiki jikar tawa za ta yi?" Na buɗe baki, kalma ta gagara.

2/ Ga abin da muke nema wa suna. A raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ya kai nanomita 80,000 zuwa 100,000, su kuwa masu wannan fanni tsakanin 1 da 100 suke aiki. A nan abu kan sauya hali. Zinariya idan ta ƙanƙance haka, aka sa ta a ruwa, ja take komawa. Ɗan ƙunshin kitsen da ke ɗauke da maganin rigakafin korona na Pfizer da Moderna ma daga wannan fanni ya fito.

3/ Wani malami ya ce "fasahar ƙananan abubuwa". Allah ya saka, Malam, amma allura ƙarama ce, mai gyaran agogo ma da ƙananan abubuwa yake aiki.

4/ Wata 'yar'uwa ta bi asali: a Girkanci nanos na nufin wada, don haka "fasahar wada". Ta yi bincike, amma ban yarda ba. Wada mutum ne, kuma bai dace a mai da halittar bayin Allah sunan na'ura ba.

5/ "Fasahar ƙwayar zarra" ta fi ja min rai, domin kunnen Bahaushe ya san zarra tun daga makarantar allo. Sai dai mun riga mun ba da ita ga atom, kuma wanda ya ji zai ɗauka nukiliya ake nufi. Ba na so Hajiya ta kwana da tunanin jikarta na haɗa makami.

6/ Sai "fasahar mitsitsi". Tana da daɗi a baki, tamu ce tsantsa, ba mai buƙatar a fassara masa. Inda ta gaza: ƙwayar cutar bakteriya ma mitsitsiya ce, alhali ta ninka nanomita sau ɗaruruwa, har dubbai. Mitsitsi siffa ce, nano kuwa ma'auni ne. Ba mu fassara kilo ba, ga shi mahauci na auna nama da shi; tela bai nemi wata kalma a madadin mita ba. Tun da Norio Taniguchi na Japan ya yi amfani da sunan a 1974, nano ke yawo a harsuna, har 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu karatu da Faransanci shi suke gani a littafi.

7/ Matsayata: a rubuce, "fasahar nano". A hira, a bi ta da bayani, wato sarrafa abubuwa mitsi-mitsi da ido ba ya gani.

8/ Wasu kalmomi biyu ma sun ba ni wuya. Lokacin da ake yin shirin an saba ce masa "hutun bazara", amma Yuni zuwa Agusta damina ce a wurinmu, sai na ce dogon hutu. Irin ɗaliban da a baya aka daɗe ana ƙarfafa wa gwiwa su nemi shirin kuwa, mata da baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar, wasu na cewa "masu ƙarancin wakilci". Wannan warin majalisa take yi. Na fi son "waɗanda ba a cika gani a fagen ba".

9/ Masu tambaya ta akwatin saƙo ko wa zai iya nema: kuɗin NSF na REU na 'yan ƙasar Amurka ne da masu takardar zama ta dindindin.

10/ Saura su ɓurɓushin kansu, irin na zinariyar nan. "Ƙwayoyin nano" ko "ɓurɓushin nano"? Malaman kimiyya, ina sauraronku, daren Juma'a zan sake kiran Hajiya.