Na gaji gidan haya: ta ina zan fara don mu zauna lafiya da masu haya?

Magajin Gida, Hotoro, Kano:
Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu, 'yan'uwa sun ɗora mini kula da gidan hayar da ya bari, mai sassa huɗu, kowanne ciki da falo. Marigayi bai taɓa rubuta yarjejeniya da kowa ba, amana ce kawai da maganar baki. Yanzu magada suna son a ƙara kuɗin haya saboda yadda siminti da kwano suka yi tsada tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, su kuma masu haya suna kukan yoyon rufi da rabon kuɗin wuta, domin mita ɗaya ce a gidan. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar, don ba na son in ɓata zumuncin da mahaifinmu ya gina, kuma ba na son in tauye haƙƙin magada.

Tsohon Dillali, Kurna:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwanci. Ɗan'uwa, kada ka kuskura ka ambaci ƙari kafin ka ɗinke rufin nan. Mutumin da yake tara bokiti a tsakar ɗakinsa a watan Agusta ba zai saurari bayanin tsadar siminti ba, amma idan ya ga kafinta a saman kwano tun kafin damina ta sauka, rabin gardamar ta mutu. Ka tara su ka fayyace wa kowa nauyinsa: rufi, bangon da ya tsage, kwashe shadda da gyaran magudanar ruwa na mai gida ne, ƙwan fitila, kan famfo da makullin da ya lalace a hannun mai amfani da shi kuwa na ɗan haya ne.

Batun wuta shi ne ya fi raba kan mutanen gida ɗaya. Idan da hali, ka nema wa kowane sashe mita mai kati daga kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano (KEDCO), kowa ya sha gwargwadon abin da ya saya. Idan babu hali, a raba bisa kayan wutar da kowa yake da su, domin zalunci ne mai ƙwai biyu da fanka ya biya daidai da mai injin ƙanƙara da na dumama ruwa. Kuma duk kuɗin da ka karɓa, komai ƙanƙantarsa, ka ba da rasit.

Lauya, Kaduna:
Malam, shawarar Alhaji dillali ta yi daidai, sai dai ni a ganina rubutu ne farko. Mutane suna jin nauyin kawo takarda ga wanda aka daɗe tare, alhali aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, umarni take yi da a rubuta bashi a kafa shaidu. Takardar ta ƙunshi adadin kuɗi, ranar biya, wanda zai yi kowane gyara, da sunan mutum ɗaya tak da magada suka wakilta ya karɓi haya, saboda a gidan gado babu abin da ke wahalar da ɗan haya kamar kowane ɗa ya zo yana cewa shi ne mai gida.

Ka kuma san iyakarka a doka. Idan babu wata yarjejeniya da ta tanadi wani wa'adi, abin da aka fi sani a dokokin jihohinmu shi ne mai hayar shekara yana da sanarwar tashi daga gida ta wata 6, mai hayar wata kuma wata 1, sannan a biyo da takardar kwana 7 kafin a je kotu. Kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Kware rufi, cire ƙofa ko yanke wuta don a kori wanda ake bi bashi laifi ne da zai iya juyowa kan mai gidan.

'Yar Haya, Samaru, Zariya:
Da izininku zan yi magana daga ɓangarenmu. Ranka ya daɗe lauya, takarda tana da amfani, amma ba ita ke sa mutum ya ji yana zaune a gidansa ba. Abin da ya fi ci mana rai shi ne mai gida ya faɗo ba sanarwa, ko ya turo leburori lokacin da maigidana ba ya nan, ko ya tsaya a ƙofar gida yana maganar bashi maƙwabta suna ji. Wanda ya biya haya ya sayi sirrin ɗakinsa na tsawon wa'adin, don haka a kira waya kafin a zo, a yi maganar kuɗi a keɓe.

Game da ƙari kuma, Malam, ka sanar da su tun da sauran watanni, kada ka bari sai ranar biya, kuma ka guji sa shi a watan Satumba da ake biyan kuɗin makaranta ko gab da Sallah. Ma'aikacin da ke karɓar albashi wata-wata yana shan wuya wajen haɗa kuɗin shekara a dunƙule. Idan ka yarda ya biya kashi biyu ko uku, za ka ga ya fi cika alkawari.

Magajin Gida, Hotoro, Kano:
Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da rufin da maganar mita, sannan in gayyaci mai unguwa ya shaida takardar. Saura abu ɗaya: akwai dattijon da ake bin sa hayar shekara guda tun Baba yana raye, kuma na tabbata rashi ne ya hana shi biya. Ni ina son a yi masa jinkiri kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce, amma cikin magada akwai marayu ƙanana. Shin ina da ikon yafe wani abu daga rabonsu, ko kuwa sai dai in yafe daga nawa?