Tambaya kan jan ƙarfen Zambiya

Ɗan Agege: Salama 'yan uwa. Wayar lantarki ta jan ƙarfe nake sarowa a kasuwar Alaba ta Legas. Wane kamfani ne ya riƙe haƙar jan ƙarfe a Zambiya, kuma yaya ake tace shi?

Na Idi-Araba: ZCCM ne, malam, wato Zambia Consolidated Copper Mines. An kafa shi a 1982, aka sayar da yawancin mahaƙansa zuwa 2000, bayan farashi ya faɗi, injuna suka tsufa.

Baban Mile 12: Dutsen da ke ɗauke da jan ƙarfen ake niƙawa ya zama gari, a dama da ruwa da sinadari, a hura iska. Kumfa ke ɗauko jan ƙarfen sama, a abin da ta ɗauko kusan kashi 30 cikin 100 ne jan ƙarfe. Sai narkarwa, sannan lantarki ya kai tsabtarsa kashi 99.99 cikin 100. In niƙan bai yi laushi ba, da yawa zai bi tarkace, asara ke nan.